Shekarar da Yaya Ya Ƙi Limanci

Mahaifinmu shi ne limamin ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ƙauyen yana gefen Zakka, a ƙasar Safana, gari ne na manoma da masu ɗan kiwo, da masallaci ɗaya tal mai rufin kwano. Mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa kamar kowa. Mu biyu ne maza, kuma tun yana raye kowa ya san abin da ya gada. Yayana ya ɗauki fiƙihu da tafsiri, ni na ɗauki alƙalami. Ina rubuta Alƙur'ani da hannu, irin rubutunmu na Warshu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja. Ban taɓa shakkar hannuna ba, har daga Dutsin-ma ana zuwa neman rubutuna. Amma in ana maganar ilimi, Yaya ya fi ni nesa ba kusa ba.

Yaya siriri ne, ba ya son magana. In aka yabe shi a taro sai ka ga yana neman takalminsa. Ya fi sakewa a gona ko a tsakiyar yara yana biya musu karatu.

Bayan an yi sadakar arba'in ta Malam, mai gari ya zo zaurenmu da dattawa. Aka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a, sannan mai gari ya ce, “Malam ƙarami, jama'a sun haɗu a kanka. Kai za ka riƙa ba mu salla.”

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ban kai ba.”

“Mu da muka zo mun san ka kai.”

“Ga Baffa nan da ransa. Ni wane ne da zan shiga gabansa?”

Baffa ƙanen Malam ne, shi ne na'ibinsa shekara da shekaru. Sai dai tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, karatu kan kuɓuce masa a tsakiyar sura, ga shi da saurin fushi. Dattawa suka yi ta lallashi, Yaya bai canja magana ba. Suka tashi. Suka sake dawowa, har suka gaji da zuwa.

Da wurin ya zauna babu mai shi, sai Baffa ya ci gaba da shiga gaba. A lokacin kuma akwai wani matashi ɗan garinmu da ya dawo daga karatu a birni, ana ce masa Ustaz. Yana da karatu mai daɗi da murya, matasa suna son sa. Shi yana ɗora hannu a ƙirji in yana salla, Baffa kuwa sakin hannu yake yi, kamar yadda muka taso muka gani. Kafin a ankara masallaci ya rabu. Wanda ya riga zuwa shi ke ba da salla, mutanen ɗayan kuma su tsaya a waje suna jira a sallame, su tayar da tasu. Maƙwabta da suke aron garma a tsakaninsu suka daina gaisawa.

Abin ya kai maƙura da bazara. Wata tsohuwa ta rasu, unguwarzoma, wadda kusan rabin mutanen garin a hannunta aka haife su, har da ni. Aka yi mata wanka, aka kawo makara ƙofar masallaci da hantsi. Baffa ya matso, Ustaz ma ya matso. Aka fara ka-ce-na-ce a kan gawa. Rana ta take, inuwar dalbejiya ta janye daga kan makarar, ɗanta yana tsugune yana share hawaye da gefen riga. Mai gari ya waiwaya ya hango Yaya a sahun baya.

“Malam ƙarami, don Allah fito ka sallace ta.”

Yaya ya ƙara ja da baya. A ƙarshe wani malami baƙo, da ya taho daga Zakka zai wuce a kan babur, shi aka tare ya yi mata salla.

Da muka koma gida ban iya yin shiru ba. Na ce, “Yaya, yau kam an ji kunya, kuma da mu a ciki.”

Ya ce, “Ina tsoron in shiga gaba in ji daɗin wurin. Ka san abin da ke jiran mai son girma.”

Innarmu tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Matar nan ita ta yanke maka cibiya.” Yaya ya ɗauki fartanya ya fita, alhali ko ruwan farko bai sauka ba.

Ana cikin haka Baba Fasto ya zo mana ta'aziyya. Tsoho ne daga wata unguwa a bayan Yasore, a ƙasar Batsari. Iyayensa Maguzawa ne, danginsa da yawa sun musulunta, shi da gidansu suka bi addinin Kirista. Ya yi makarantar horar da fastoci can Filato, a nan ya koyi ɗan Ibrananci, harshen Yahudawa. Abotarsu da Malam ta samo asali tun suna samari suna kai gyaɗa kasuwar Batsari a kan keke. Sukan zauna su yi gardamar addini har murya ta tashi, sannan a kawo fura su sha a ƙwarya ɗaya. Ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi lokacin rasuwar, shi ya sa ya makara.

Ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida, muka tarbe shi muka durƙusa. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya tambayi dabbobi, ya yi mana gaisuwar haƙuri, sannan ya zauna ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Na shanya wasu takardu da na rubuta a kan tabarma, na danne su da duwatsu. Bai taɓa su ba, ya san ladabin abin. Ya dai sunkuya yana kallo.

“Ɗana, wannan ɗan jan da kake ratayawa a saman kalma, mene ne sunansa? Mahaifinka ya taɓa gaya mini na manta.”

Na ce, “Alu ja ke nan, Baba. Alif ne. Ana karanta shi, amma ba ya cikin jikin kalmar a asalin rubutu, shi ya sa muke sa shi da ja, ɗan siriri. In na mai da shi baƙi na ɓata rubutun, in na bar shi mai karatu ya yi kuskure.”

Ya yi dariya ya ce, “Ashe ku ma kuna da naku.” Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki sandarsa ya zana wasu haruffa masu kusurwa, daga dama zuwa hagu kamar namu. Na ƙarshen ya yi shi ɗan mitsitsi, a sama.

“Wannan ita ce kalmar farko a littafi na uku cikin littattafan Annabi Musa. Ma'anarta, ya kira. Wato Ubangiji ya kira Musa. Wannan ƙaramin na ƙarshe sunansa alef, ɗan'uwan alif ɗinku ne. Duk marubucin Yahudawa da zai kwafi Attaura da hannu, haka zai yi shi, ƙarami, har gobe. Malaminmu na Ibrananci ya gaya mana abin da malaman Yahudawa suke faɗa a kai.”

Na matso, don abin ya taɓa sana'ata. Yaya yana jingine da bango yana jan carbi.

Baba Fasto ya rufe ƙaramin harafin da yatsa. “In ka cire shi, kalmar ta canja. Ta koma, ya ci karo da shi. Kamar ka haɗu da mutum a hanya ba da niyya ba. Da wannan kalmar aka ba da labarin wani matsafi da aka ɗauko don ya la'anci Bani Isra'ila. To, suka ce da Musa ya zo rubuta wurin nan sai ya ji nauyi. Ta yaya zai rubuta da hannunsa cewa shi aka kira, shi aka zaɓa? Sai ya so ya bar harafin, ya zama kamar dacewa ce kawai aka yi. Ubangiji ya ce a'a, rubuta shi, don kiran ka aka yi. Musa ya bi umarni ya rubuta, amma ya yi shi ƙarami.”

Yaya ya ce, “Baba, irin wannan labari mu ba ma gaskata shi, ba ma ƙaryata shi.”

“Ni ma ba nawa ba ne, ɗana, na Yahudawa ne, aro na yi. Kuma ba wa'azi na zo yi maka ba, mahaifinka ma bai sauya ni ba, ban sauya shi ba.” Ya ɗage yatsansa daga ƙasa. “Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba a bar shi ya goge ba. An yarda ya ƙanƙantar da kansa, ba a yarda ya ce ba a kira shi ba.”

Sai tsohon ya dubi Yaya kai tsaye ya ce, “Na ji labarin gawar nan a kasuwar Batsari. A bakin mai sayar da gishiri na ji. Da abokina yana raye da ba a kai haka ba.”

Aka kawo abinci, hira ta koma kan tsadar taki da ɓarayin daji da suka fara matsa wa ƙauyukan yamma. Da la'asar muka raka shi ya hau babur.

Ban ce labarin ne kaɗai ya juya Yaya ba. Maganar Inna tana nan, hawayen ɗan tsohuwar yana nan. Na dai san ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Ran nan bayan sallar asuba ya ce in raka shi gidan Baffa.

Muka same shi a kan buzu yana lazimi. Yaya ya durƙusa har ƙasa ya ce, “Baffa, na zo neman izini. In ka yarda zan karɓi abin da jama'a suka nema. In ba ka yarda ba, ba zan taka wurin ba.”

Baffa ya daɗe yana kallon inda muryar ta fito. Sai ya fashe da faɗa. “Sai yau? Kana tsammani so nake? Ina tsaye a gaban mutane aya tana ɓace mini, yara suna gyara mini daga baya! Na tsaya ne don kada a ce gidanmu ya mutu. Kai ka bar ni a rana!” Muryarsa ta karye. Ya lalubo kan Yaya ya dafa, ya yi masa addu'a mai tsawo.

Daga nan muka wuce wurin Ustaz. Yaya ya girme shi da shekaru masu yawa, amma shi ya je, bai aika a kira shi ba. Ya ce masa, “Zan karɓi limanci. Makarantar Islamiyya kuwa kai ka fi ni sanin tsarinta, ina so ka riƙe ta. In ba na nan kai za ka ba da salla. Wanda ya ɗora hannu ya ɗora, wanda ya saki ya saki, sahu dai ɗaya ne.” Ustaz ya ce zai yi shawara. Ya karɓa daga baya, ko da yake wasu daga cikin matasansa sun yi watanni suna tafiya Zakka salla kafin su huce.

Mai gari ya so a yi taro a gayyato mutane daga Safana. Yaya ya ce a yi a masallaci bayan la'asar, Baffa ya naɗa masa rawanin Malam, a yi addu'a a tashi. Haka aka yi. Washegari ya tafi gona kamar kullum.

Ba a daɗe ba aka gwada shi. Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai ga mutane da rana tsaka suna shigowa ta hanyar yamma. Mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, wasu da tukunya a ka, wasu ba ko takalmi. Ɓarayin daji ne suka tashe su daga ƙauyukan bayan Batsari. A cikinsu har da Baba Fasto da iyalinsa, an ɗoro shi a kan amalanke. Suka zube a gindin itatuwa a bakin gari, ga hadari yana haɗuwa.

Mai gari ya tara maza a ƙofar masallaci. Wani Alhaji, attajirin garinmu, mai fataucin shanu, wanda shi ya yi wa masallacin rufi, ya miƙe ya ce, “A ba su ruwa da abinci su wuce Safana. Ba mu san su ba. A cikin irin waɗannan ake samun masu kai wa ɓarayi rahoto. Kuma wasunsu ma ba Musulmi ba ne.” Mutane da dama suka gyaɗa kai, don tsoron gaskiya ne, kowa yana da shanu ko 'ya'ya mata. Mai gari ya juya ya ce, “Liman, me ka gani?”

Na san Yaya tun ina rarrafe, ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba. Ya miƙe ya ce, “Ku kuka ce in shiga gabanku, na shiga. To ga abin da na ce. Ba wanda zai kwana a waje cikin ruwan nan. A buɗe ajujuwan Islamiyya a sa mata da yara. Maza su rarrabu a zauruka, a fara da namu. Kowane gida ya ɗora tukunya ta biyu. Wanda ba Musulmi ba, yunwarsa irin tamu ce. Alhaji, tsoronka yana kan hanya, don haka duk baƙo sai wani ya shaide shi a gaban mai gari. Amma kora, ba za a yi ta da yawuna ba.”

Attajirin ya ce, “In wani abu ya faru fa?”

“A tambaye ni.”

Ustaz ne ya fara tashi ya je ya buɗe ajujuwan. Kafin ruwa ya sauko an shigar da kowa.

Makonnin da suka biyo baya sun yi wuya. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbuna, sabo bai nuna ba. Inna da matan gari suka koma dafa tafasa da rama suna haɗawa da ɗan gari don ya auku. Da aka ga makewayin makaranta ba zai ɗauki jama'ar ba, Yaya ya tuɓe rawani ya rataya a reshe, ya shiga haƙa ramin sabon makewayi da diga tare da samari. Wani dattijo ya ce, “Liman, fito, wannan ba aikinka ba ne.” Ya ce, “In lokacin salla ya yi zan fito.” Baffa kuwa ya sa aka kai masa buzunsa ƙofar makaranta, ya zauna da sandarsa, ba saurayin da ya isa ya leƙa wurin matan.

Baba Fasto a ɗakin Malam muka sauke shi. Ranar Lahadi mutanensa suka taru a aji ɗaya suka yi addu'arsu da waƙoƙinsu a hankali. Aka kawo wa Yaya ƙara. Ya ce, “A ɗakin da aka ba su suke. Mu ma in mun je baƙunci ba ma barin salla.”

Sai kuma maganar attajirin ta tabbata a kan mutum ɗaya. Akwai wani a cikin baƙin da ba wanda ya shaide shi sosai, kullum yana bayan gari da waya a kunne, yana tambayar yara gidan wa ke da shanu. Baƙin da kansu suka zo suka gaya wa Yaya. Bai ɓoye ba, bai kuma bari matasa su taɓa shi ba, ko da yake har sun ɗauko sanduna. Ya sa mai gari ya miƙa shi ga hukuma a Safana. Bayan sallar azahar ya juyo ya fuskanci jama'a ya ce, “Alhaji ya faɗa mana tun farko, kuma ga shi mun gani. Da ba don maganarsa ba da ba mu sa ido ba. Allah Ya saka masa.” Attajirin ya zo da shirin gori, na ga alama a fuskarsa. Sai ya fasa. Da yamma ya aiko da buhun masara makaranta.

Baƙin sun taya mu girbi a shekarar, gero ya shigo da wuri saboda yawan hannu. Bayan kaka wasu suka koma garuruwansu da suka ji an ɗan samu sauƙi. Wasu mai gari ya ba su aron gona suka zauna, suna nan har yanzu. Baba Fasto ƙafarsa ba za ta iya gudu na biyu ba, sai 'yarsa da ke aure a Safana ta ce ya koma wurinta.

Attajirin ne ya ba da motarsa a-kori-kura, ni na tuƙa. Muka ɗora kayansu da na wasu iyalai da za su sauka a hanya. Yaya ya ce zai raka su. Gidan gaba mutum biyu yake ɗauka ban da direba. Aka sa Baba Fasto, aka ce liman ya shiga. Sai ga wata mata da ta haihu a ajin Islamiyya, jaririnta ko arba'in bai yi ba. Yaya ya riƙe mata ƙofa ta shiga, shi ya taka taya ya haye baya, ya zauna a kan buhun gero tsakanin akuya da tukwane, yana riƙe da rawaninsa kada iska ta kwance shi.

Baba Fasto ya leƙa ta gilashin baya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyara zama ya ce, “Ɗana, ja mu a hankali, hanyar nan ta lalace.”

Muka isa Safana ana kiran azahar. 'Yarsa ta fito da gudu ta rungume shi, maƙwabta suka taya mu sauke kaya. Ta kawo mana ruwa a buta, muka yi alwala a ƙofar gidanta, muka tsallaka masallacin unguwar. Ba wanda ya san Yaya a can. Muka sami wuri a sahu na uku, muka bi limaminsu.